Waya ko Roba: Wacce Ta Dace da Haƙoranka?

Yawancin masu zuwa wurin likita don a daidaita musu haƙora sun gama yanke shawara tun daga gida. Roba suke so, wannan mai garai-garai da ake kifawa a kan haƙora ba tare da kowa ya lura ba, domin ba sa son a yi shekara biyu ana ganinsu da waya a baki. Ban ga laifinsu ba. Sai dai kyan gani shi ne mafi ƙanƙanta cikin abubuwan da suka raba hanyoyin nan biyu. Abu biyu ne ya kamata su yanke hukunci: irin tafiyar da ake so haƙoranka su yi, da kuma halinka kai mai bakin. Na farko likita ne zai faɗa maka. Na biyu kuwa babu wanda ya san shi sai kai.

Haƙori ba manne yake da ƙashin muƙamuƙi kai tsaye ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin akwai wasu siraran zaruruwa da ke riƙe da shi, kaurinsu bai kai rabin milimita ba. Idan aka danna haƙori a hankali, aka kuma ɗore da dannawar, jiki zai fara narkar da ƙashi a gefen da ake turawa, yana gina sabo a gefen da aka baro. Da haka haƙori ke matsawa, kusan milimita ɗaya a wata idan komai ya tafi daidai. Waya da roba duk wannan aikin suke sa jiki ya yi. Sharaɗin kawai shi ne dannawar ta ɗore, domin da zarar an saki haƙori na wasu awanni, zaruruwan nan za su fara janyo shi zuwa inda ya fito. Ka riƙe wannan, domin rabin muhawarar a kansa ta rataya.

Wayar haƙori tsohuwar hanya ce da aka daɗe ana gogewa. Ana manna wa kowane haƙori ɗan maɓalli na ƙarfe mai tsaga a tsakiya, a ratsa waya ta cikin tsagogin, a ɗaure ta. Wani likita ɗan Amurka, Edward Angle, shi ya fito da tsarin tsaga mai kusurwa huɗu a 1928, kuma har yau a kan tunaninsa ake tafiya: idan waya mai kusurwa ta cika tsaga mai kusurwa, likita na iya murɗa haƙori ta kowace fuska, har da saiwarsa da ke can cikin ƙashi. Daga shekarun 1970 aka samu sauƙi biyu. Aka daina zagaye kowane haƙori da zoben ƙarfe, aka koma manna maɓallan da wani irin gam, sannan aka shigo da wayar da aka haɗa da nikel da titaniyom, wadda ko an lanƙwasa ta sai ta yi ta ƙoƙarin komawa siffarta ta asali, tana jan haƙora a hankali na tsawon makonni. Saboda haka wayar yau ba ta kai ta zamanin da ciwo ba, ba ta kuma kai ta cika baki ba.

Robar kuwa, wadda aka fi sani da sunan kamfanin da ya yayata ta, Invisalign, tunaninta ya girme ta. Tun 1945 wani likita mai suna Harold Kesling ya kawo shawarar a riƙa matsar da haƙora da jerin robobi, kowacce ta ɗan bambanta da ta baya. Abin da ya hana a lokacin shi ne wahalar ƙera su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Sai da kwamfuta ta iso, kamfanin Align Technology da aka kafa a 1997 ya mai da abin sana'a, ya fara sayarwa a 1999. Yanzu kamfanoni da yawa na yi, wasu likitocin ma a asibitinsu suke bugawa. Ana ɗaukar hoton bakin da na'ura, a tsara tafiyar haƙoran a kwamfuta daga farko zuwa ƙarshe, a ƙera robobi goma sha wani abu, ko ashirin, ko arba'in. Kowacce tana matsar da haƙori kusan rubu'in milimita, a sa ta mako ɗaya ko biyu, a wuce ta gaba.

Nan ne bambanci na gaskiya ya fara. Ka ɗauki turken da aka kafa a ƙasa. Idan ka tura kansa zai karkata, wannan ba wuya. Amma ka matsar da shi gaba ɗaya har da gindinsa, yana tsaye kyam, wannan sai da riƙo mai ƙarfi. Roba gwana ce wajen karkatar da kan haƙori, domin kifawa take yi tana turawa. Waya kuwa riƙe take da haƙorin, tana iya turawa, tana iya ja, tana iya murɗawa. Saboda haka akwai ayyukan da waya ta fi roba tabbas a kansu: juya haƙori mai zagayayyen jiki kamar fiƙa da ƙananan turame, wanda roba ke zamewa a kansa, janyo haƙorin da ya maƙale sama zuwa layin 'yan'uwansa, fito da fiƙar da ta ɓuya cikin ƙashi ba ta tsiro ba, da rufe babban giɓi bayan an cire haƙori don a samu wuri. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai. Idan aka cire haƙori ɗaya, giɓin na iya kai milimita bakwai, kuma idan kawunan haƙoran kawai suka karkato suka haɗu, saiwoyin na nesa da juna, to a ido an rufe, amma aikin bai yi ba, giɓin na iya sake buɗewa.

Masu roba ba su zauna haka ba. Suna manna wa wasu haƙoran 'yan ƙullutai masu launin haƙori don robar ta samu abin kamawa, suna kuma haɗawa da 'yan zobban ɗanko da ake ratayawa tsakanin sama da ƙasa. Da waɗannan dabaru, ƙwararren likita na iya yin aiki mai wuya da roba fiye da yadda ake iyawa shekara ashirin da suka wuce. Amma akwai abin da ba a cika faɗa wa mutane ba. Bidiyon da za a nuna maka a kwamfuta, inda haƙoranka ke jeruwa tsaf cikin daƙiƙa goma, tsari ne aka zana, ba alkawari ba ne. Haƙora ba sa bin kwamfuta ɗari bisa ɗari. Abu ne da aka saba gani a kai ƙarshen robobin a tarar wasu haƙoran ba su iso ba, sai a sake ɗaukar hoto a ƙera wani sabon jeri, wani lokaci har sau biyu. Wannan ba gazawar likita ba ce, haka hanyar take. Amma wanda aka ce masa wata goma, ya ga ya shiga na goma sha shida, dole ransa ya ɓaci idan ba a gaya masa tun farko ba.

Inda roba ke haskawa shi ne cunkoso kaɗan ko matsakaici a haƙoran gaba, ƙananan tazara tsakanin haƙora, wushiryar da mai ita ke so a rufe, da kuma babban mutumin da ya taɓa sa waya yana yaro, haƙoran suka ɗan koma. A irin waɗannan, sakamakonta bai gaza na waya ba, sau da yawa ma takan riga ta gamawa, cikin wata shida zuwa shekara ɗaya da 'yan kai. Aikin waya da aka saba yakan ɗauki wata goma sha takwas zuwa shekara biyu, mai wuya ya kai uku. Kada wannan ya ruɗe ka har ka ɗauka roba ta fi sauri. Sauƙaƙan ayyuka aka fi ba ta, shi ya sa. Idan aka ba su aiki iri ɗaya mai wuya, ƙashi ba ya narkewa da sauri don an canza abin da ke danna shi.

Idan kuma matsalar ba a haƙora take ba, a ƙashin muƙamuƙi take, misali haɓa ta yi gaba sosai ko ta yi baya sosai, to babu waya babu roba da za ta gyara wannan ita kaɗai a bakin babba. Ko dai a ɓoye matsalar ta hanyar karkatar da haƙora, ko a haɗa da tiyata. A bakin yaro mai tasowa akwai damar da babba ba shi da ita, shi ya sa ƙungiyar likitocin daidaita haƙora ta Amurka ke ba da shawarar a fara duba yaro yana ɗan shekara 7, ko da ba za a fara komai ba sai bayan shekaru.

Yanzu mu zo kan halinka, wanda a ganina shi ne ke kayar da mafi yawan masu roba. Ana so roba ta zauna a baki awa 20 zuwa 22 kowace rana. Ka lissafa abin da ya rage: awa biyu zuwa huɗu, kuma a cikinsu za ka ci abincin safe, na rana, na dare, ka sha duk abin da ba ruwa ba, ka goge baki bayan kowane ɗaya. Ba a cin komai da ita. Ba a shan abu mai zafi da ita domin zafi na lanƙwasa ta. Ba a shan abu mai zaƙi da ita domin sukarin zai shige ƙarƙashinta ya kwanta a kan haƙora inda miyau ba zai iya wanke shi ba. Mutumin da ya saba kurɓar shayi ko kofi kaɗan-kaɗan tun safe har rana, ko mai yawan taɓa ɗan wannan da ɗan wancan tsakanin abinci, ko wanda aikinsa ke sa shi cin abinci a waje kullum inda babu wurin goge baki, zai sha wahala. Da farko kowa na kiyayewa. A wata na huɗu ne ake fara cirewa don wani taro, a manta ba a mayar ba sai dare, gobe a ce yau kaɗai ne. Bayan makonni sai a ga sabuwar roba ta ƙi zama daidai, an samu 'yar tazara tsakaninta da bakin haƙori, alamar haƙoran sun tsaya a baya tsarin ya wuce su. Ga kuma ɓata: an naɗe ta a takarda an ajiye gefen faranti, an kwashe da shara.

Waya ba ta tambayar ra'ayinka. Kana barci tana aiki, kana fushi da ita tana aiki, ka manta da ita tana aiki. Ga wanda ya san kansa, ya san ba ya gama maganin kwana bakwai ba tare da tsallake ba, wannan rahama ce, kuma babu abin kunya a ce wa likita haka. Ga iyaye kuma, ina ganin nan ne ya kamata a fi yin gaskiya. Akwai 'yan shekara goma sha uku masu tsari fiye da manya, amma ba su da yawa. Wasu robobin matasa na zuwa da ɗan ɗigo shuɗi da ke dusashewa idan ana sawa, don a gane mai kiyayewa. Duk da haka, idan har kullum sai an yi faɗa kafin yaro ya goge baki, roba za ta ƙara wani faɗan ne a gidan na shekara ɗaya da rabi, a kuma biya kuɗi mai yawa a kansa.

Sai dai wayar ma tana da nata harajin, kuma a wurin tsafta take karɓarsa. Kowane maɓalli maɓoya ce ta abinci. Sai an goge sama da shi, ƙasa da shi, a sa ɗan siririn buroshi a ƙarƙashin waya, a lallaɓa zaren sakace ta tsakanin haƙora, abin da ke cin minti goma maimakon biyu. Wanda ya yi sakaci, ranar da aka cire wayar zai ga fararen tabo zagaye da inda maɓallan suka zauna. Wannan farkon ruɓewa ne, ɓawon haƙorin ne ya fara zaizayewa, kuma tabon kan daɗe, wani ma ba ya tafiya. Babu abin da ke ba ni takaici kamar haƙoran da suka jeru tsaf amma duk tabo. Dasashi ma kan kumbura ya riƙa jini. A nan roba ta yi wa waya nisa: ka cire, ka goge bakinka yadda ka saba, ka wanke ta da ruwa mai sanyi, ka mayar. Ga babban mutum da dasashinsa ya taɓa ciwo, wannan babban dalili ne na karkata ga roba, da sharaɗin an warkar da ciwon kafin a fara. Matsar da haƙori a cikin dasashi mai ciwo yana ƙara cinye ƙashin da ke riƙe da shi, ko da wace hanya aka bi.

Mai waya zai haƙura da abubuwa masu tauri da masu danƙo, kamar ƙanƙara, alewa mai tauri da cingam, zai kuma riƙa yanka 'ya'yan itace ƙanana maimakon gatsa. Maɓalli kan ɓalle, bakin waya kan soki kumatu, sai an koma asibiti ba shiri. Mai roba yana cin abin da ya ga dama, kuma ba kasafai yake samun irin wannan gaggawa ba. Zuwa asibiti ma ya fi tazara: mai waya duk mako huɗu zuwa takwas, mai roba kan iya ɗaukar robobin wata biyu ko uku ya tafi. Ga wanda ke nesa da likitansa ko mai yawan tafiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ciwo kuwa duka biyun suna da shi. Kwana biyu zuwa uku bayan an ɗaure waya ko an sa sabuwar roba, haƙora kan yi tsami, tauna ta yi wuya, sannan ya lafa. Waya na ƙara da gogar leɓe da kumatu a makonnin farko, ana rage shi da ɗan kakin da likita ke bayarwa. Roba kan sa harshe ya ɗan karye a kwanakin farko kafin a saba. Masu busa kayan kiɗa da masu wasannin da ake karo sun fi samun sauƙi da roba.

Game da kyan gani, roba ta fi ɓuya, amma ba ta ɓacewa. Ƙullutan da ake mannawa a haƙoran gaba ana ganinsu daga kusa, kuma idan ana shan abu mai launi da ita takan yi rawaya. Akwai kuma tsaka-tsaki da mutane ba su cika sani ba: maɓallai na tangaran masu launin haƙori, waɗanda ke aikin waya ba tare da ƙyallin ƙarfe ba, ko da yake sun fi saurin fashewa, da wayar da ake mannawa ta bayan haƙora, wadda ba a ganinta sam, amma tana damun harshe, tana da tsada, kuma ba kowane likita ne ya iya ta ba. Wasu likitocin ma kan haɗa hanyoyin: a yi aiki mai wuya da waya na 'yan watanni, a ƙarasa da roba.

A kuɗi, wayar ƙarfe ce mafi sauƙi a yawancin wurare, roba ta fi ta domin likita ma biyan kamfani yake yi. Amma jimlar da aka fara faɗa maka ba ita ce abin dubawa ba. Ka tambaya ko ƙarin robobin gyara na ciki, sau nawa, ko za ka biya idan ka ɓatar da ɗaya, ko maɓallin da ya ɓalle da kuɗinsa, ko kuma abin da za ka sa bayan an gama yana cikin lissafin.

Akwai hanya ɗaya da nake roƙon kowa ya guje mata, wato robar da ake saya ta intanet a aiko maka gida ba tare da likita ya buɗe bakinka ya duba ba. Hoton haƙora ba ya nuna tsawon saiwa, ba ya nuna yawan ƙashin da ya rage, ba ya nuna haƙorin da ya mutu a ciki ko wanda ya ɓuya. Waɗannan sai da hoton ƙashi da hannun likita. Kamfanin da ya fi kowa girma a wannan kasuwa, SmileDirectClub na Amurka, ya durƙushe ya rufe a watan Disamba na 2023, ya bar mutane a tsakiyar magani babu mai bibiyarsu. Ko a hannun ƙwararre, matsar da haƙora na iya ɗan rage tsawon saiwa, yawanci kaɗan ne da ba ya cutarwa, amma ga wasu ya kan yi yawa, kuma hoton ƙashi ne kawai zai nuna a dakata. Likitan da ke tsara aikin ya fi abin da aka sa a bakin muhimmanci. Idan da hali, ka nemi wanda ya yi karatun daidaita haƙora na musamman bayan digirinsa, kuma wanda ke yin hanyoyin biyu, domin wanda roba kaɗai yake yi, ko waya kaɗai, da wuya ya tura ka ga abin da ba ya sayarwa.

Idan aka ce in zaɓa wa mutum, ga yadda zan yi. Yaro ko matashi, ko duk wanda za a cire masa haƙori, ko mai fiƙar da ta maƙale, ko mai cizon da ya kauce sosai, waya. Babban mutum mai cunkoso kaɗan, mai tsari a rayuwarsa, wanda ke tsayawa gaban jama'a kullum kuma ya tabbata zai iya awa ashirin da biyu, roba. Wanda ke tsakiya, likita ya ce masa duka biyun za su yi, to ya gwada kansa kafin ya biya: ya yi mako guda yana cin abinci sau uku kacal, ba ya shan komai tsakani sai ruwa, yana goge baki bayan kowane ci. Idan makon ya zo masa da sauƙi, roba za ta yi masa. Idan ya gaza tun a kwana na uku, ya sa waya hankalinsa kwance.

Ko wacce ka zaɓa, ranar da aka cire ba ita ce ƙarshen aiki ba. Haƙora na neman komawa, musamman a shekarar farko, kuma ko wanda bai taɓa gyara ba haƙoransa na gaba na ƙasa kan ƙara cunkushewa da shekaru. Saboda haka za a ba ka abin tsare su: ko wata roba da za ka riƙa kwana da ita, ko siririyar waya da za a manna ta bayan haƙoran gaba, ko duka biyun. Likitoci da yawa yanzu cewa suke a ci gaba da sawa da dare muddin ana so haƙoran su zauna a miƙe. Robar daren kan tsufa ta saki ko ta tsage, sai an sake wata. Wayar bayan haƙora kuma kan ɓalle a gefe ɗaya mai ita bai sani ba, haƙori ɗaya ya fara zamewa, don haka a riƙa sa likita ya duba ta duk lokacin da aka je wankin haƙora.